Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci: ya cancanci kuɗinsa, amma sai an iya aiki da shi

Jama'a ana yawan tambayata wane ƙamus ya kamata a saya wa yaro mai shirin WAEC ko JAMB, ko kuma babba da yake rubuta takardun ofis kullum yana fargabar kar a yi masa dariya, to ni dai amsata guda ce, Oxford Advanced Learner's Dictionary. Akwai shi a littafi, akwai manhajarsa ta waya, sannan akwai shafinsa na intanet da kowa zai iya shiga kyauta.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne tun asali ba don Turawa aka yi shi ba. A. S. Hornby, malamin Turanci ɗan Ingila da ya daɗe yana koyarwa a Japan, shi ya tsara shi saboda ɗalibansa, aka fara buga shi a Tokyo a 1942, daga baya maɗaba'ar jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948, bugu na 10 kuma ya fito a 2020. Wato wanda ya haɗa shi ya san inda baƙon harshe yake tuntuɓe, shi ya sa ba ya tsayawa a kan ma'ana kawai, sai ya nuna maka yadda kalmar take zama cikin jimla, wace kalma ce take binta, a wane irin waje ake faɗinta. Wallahi nan ne amfaninsa yake, kuma nan ne mafi yawanmu muke tsallakewa, mu karanta layin farko mu rufe.

Ɗauki borrow da lend. Mu a Hausa aro ɗaya ne, na ara, ara mini, shi ya sa za ka ji mutum da digirinsa yana cewa borrow me your pen. Ƙamus ɗin ya ware ɗan akwati a kan waɗannan biyun, ya nuna mai karɓa shi ke borrow, mai bayarwa kuma lend, da misalai. Haka nan akwai alamar da yake sa wa kalmomin da ba a ƙirgawa, irin su advice, furniture, equipment, luggage da information, in ka gan ta to ka san ba a liƙa musu s a ƙarshe, amma duba allunan shaguna a garinku ka ga yadda furnitures ya cika ko'ina. Discuss ma ba ya ɗaukar about a bayansa, misalan da ke ƙarƙashinsa kaɗai sun isa su nuna maka hakan ko ba malami a kusa.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce severally. Mu nan in an ce I called him severally ana nufin na kira shi sau da yawa, amma in ka buɗe ƙamus ɗin za ka tarar ma'anarta ɗaya bayan ɗaya ne, kowa daban, kuma an yi mata alamar cewa ta harshen lauyoyi ce da takardun hukuma. To a nan sai a yi hattara da wani ruɗani, don a Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford, wanda ake kira OED, ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, ciki har da okada, danfo, Kannywood, next tomorrow, send-forth da ita wannan severally ɗin da ma'anarmu. Wancan aikinsa adana tarihin yadda mutane suke magana ne a duk duniya, wannan kuma koyarwa yake yi. Ni ban ga aibu ba a Turancinmu, namu ne kuma muna fahimtar juna da shi, amma wanda zai zauna jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS ko zai aika takardar neman gurbin karatu waje gara ya san wacce ma'ana mai dubawa zai ɗauka.

Wani abin da na yaba, yana gaya maka wannan kalmar ta hira ce, wannan ta rubutun hukuma ce, wannan ta tsufa, wannan zagi ce kar ka kuskura. Ga kuma jerin kalmomi 3000 mafi muhimmanci da aka sa wa alamar makulli, da su ake bayanin sauran, don haka ba za ka je neman kalma ɗaya ka dawo da sababbi biyar da ba ka sani ba. A shafin intanet da manhajar kana latsawa ka ji furuci iri biyu, na Ingila da na Amurka, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗancan alamomin furucin na cikin littafi da ba kowa aka koya wa ba.

Matsalolinsa kuwa akwai. Ba Hausa a ciki ko kaɗan, Turanci ne da Turanci, saboda haka ɗan firamare ko wanda yanzu ya fara koyo zai sha wuya, shi gara a haɗa masa da ƙamus na Turanci zuwa Hausa tukunna. Littafin yana da nauyi, rubutun ƙanana ne sosai, mai matsalar ido sai da tabarau. Shafin kyauta yana da talla kuma sai da data, manhajar kuma cikakkenta sai an biya. Kalmomin Afirka ta Yamma akwai su da alamarsu amma ba su da yawa, a ganina ya kamata a ƙara.

Sai batun jabu, don Allah in za ku sayi littafin ku buɗe ledar a gaban mai shago, ku duba tsakiya ba bango kawai ba, na jabu tawadarsa a dushe take, takardar kamar ta ƙunshin ƙosai, wani ma shafuka sun ɓace ko an maimaita su. In gida akwai yara 'yan sakandare littafin ya fi, ɗaya ya ishe su duka har ƙannensu kuma ba ruwansa da caji ko data. Ma'aikaci kuwa da wayarsa take hannu koyaushe, ya fara da shafin kyautan, in ya ga yana shiga kullum sai ya biya na manhajar.