Furannin Japan, Jirgin Nilu ko Dawakin Wayomin: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Idan Allah ya hore maka kuɗin tafiya guda ɗaya ta shaƙatawa, kada ka bari hoton da ka gani a Instagram ya zaɓa maka. Waɗannan tafiye-tafiye uku duk suna da kyau a ido, amma kowacce da abin da take nema a wurinka, kuma ba kuɗi kaɗai ba ne.

Ɗauki furannin sakura na Japan. A Tokyo da Kyoto itatuwan kan buɗe ne daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, cikar furen kuma ba ta wuce kamar mako guda. Iska mai ƙarfi ko ruwan sama na dare ɗaya na iya kakkaɓe rabinsa. Nan matsalar take: tikiti da masauki sai ka biya tun watanni kafin lokacin, shi kuwa furen ba ya duba kalanda. Wata shekarar ya yi sammako, wata ya makara. Wanda ya dace kuwa ya ga abin da ba ya mantuwa. A bakin Kogin Meguro da ke Tokyo rassan na sunkuyowa daga gefe biyu, idan furen ya fara zuba sai ya rufe fuskar ruwan har ka rasa ganinsa, mutane kuma sun shimfiɗa tabarmin leda a lambun Ueno suna cin abinci da iyalansu, al'adar da suke kira hanami. Dabarar masu wayo ita ce su ba tafiyar kwana goma ko fiye, domin furen daga kudu yake farawa yana hawa arewa. Idan ya kuɓuce maka a Tokyo, jirgin ƙasa zai kai ka inda bai gama ba, a tsibirin Hokkaido na can arewa ma sai ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu.

Wanda hutunsa a ƙayyade yake, gara ya duba lambun Keukenhof na ƙasar Holan. Ana shuka furanni kusan miliyan 7 a cikinsa duk shekara, yana kuma buɗe kimanin mako takwas daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, saboda haka fargabar makara ta ragu sosai. Sai dai yawo ne na yini ɗaya, dole ka haɗa shi da wani abin.

Jirgin ruwa na Kogin Nilu a ƙasar Masar shi ne na fi ba mutanenmu shawara, musamman mai tafiya da iyali ko da tsohuwa. Tsakanin Luksor da Aswan kwana uku ne ko huɗu, ɗakinka na tafiya da kai, ba ɗaure kaya da kwancewa kowace safiya. Jirgin kan tsaya a Edfu da Kom Ombo a ga gine-ginen Fir'aunoni, ga tsohon wurin bauta na Karnak da Kwarin Sarakuna, makabartar Fir'aunoni, a Luksor. A mashigar Esna, inda jirage ke bin layi kafin a ɗaga su ko a sauke su da ruwa, 'yan kasuwa kan matso da ƙananan kwale-kwale su riƙa cillo jallabiya da mayafi a cikin leda har saman jirgi, ka duba, ku yi ciniki da ihu, in kun daidaita ka cilla musu kuɗin a ledar. Abinci ba abin tambaya ba ne, kiran salla kana jinsa daga ƙauyukan bakin kogi, Alƙahira kuma ba baƙuwar hanya ba ce ga mutanen Kano. Ka je tsakanin Oktoba da Afrilu, don zafin Aswan a Yuli ko ɗan Sakkwato zai ji a jikinsa. Kafin ka biya, tambayi abu biyu: shin kuɗin shiga wuraren tarihi da na ɗan jagora na cikin farashin, kuma ɗakin a wane bene yake? Na ƙasa kusa da inji sun fi araha, sun fi ƙara. A tashoshi jirage kan jeru gefe da gefe, tagarka ta kalli bangon wani jirgin. Mai hali ya nemi dahabiyya, ƙaramin jirgi mai filafilai da ke ɗaukar mutane kaɗan.

Akwai kuma jiragen da ke ratsa tsakanin duwatsun Norwe, kamar a mashigin teku na Geirangerfjord. Kyau dai ba a magana, amma ga tsada, ga bizar Turai, ga ranar da ke daɗewa ba ta faɗi ba a Yuni, sai ka nemi bayanin lokutan salla tun daga gida.

Gidajen kiwo na yammacin Amurka, a jihohin Wayomin da Montana, wani abu ne daban. Duk wanda ya tashi da kallon fim ɗin kaboyi ko ya taɓa hawan salla zai ji abin ya taɓa masa zuciya. Yawanci mako guda ake biya a dunƙule, da ɗaki da abinci da doki, daga Yuni zuwa Satumba. Ana ware maka dokinka tun ranar farko gwargwadon iya hawanka. Sirdinsu mai faɗi ne, da ƙaho a gaba inda ake naɗe igiyar kama maraƙi, kuma hawan na dogon zango ne cikin daji da tsaunuka, ba sukuwa ba. Wasu gidajen don baƙi kawai aka yi su, wasu kuwa garke ne na gaske, za ka taya kora shanu, don haka ka tambaya wanne ne. Da yawansu na da iyakar nauyin mahayi. Naman halal ba ya samuwa cikin sauƙi a can, naman alade kuma ba ya rabuwa da karin kumallonsu, sai ka rubuta musu tun da wuri a tanadar maka kifi da ƙwai. Cikin ukun wannan tafiyar ce ta fi tsada, bizarta ta fi wuya, kuma kuɗin ajiyar da suke karɓa galibi ba ya dawowa. Kada ka tura ko sisi sai biza ta shiga fasfonka.