Wata shida ina zuwa asibitin fata da soriyasis

Shekara huɗu na yi ina shafe-shafe ban san sunan abin da ke damuna ba. Mai kyamis ɗin unguwarmu ya ce makero ne, ya ba ni wani mai mai clobetasol. Sati biyu fata ta yi luwai, ina dainawa ya dawo ya fi na da. Gwaggona ta ce sammu ne. A shagonmu na Kantin Kwari kuwa, wani ya tsame hannunsa daga kwanon da muke ci, har yau ban manta ba.

Sai da hunturun bara ya farfasa min gwiwar hannu da ƙeya na yanki kati a sashen fata na wani babban asibiti a nan cikin gari. Likitar ta duba ni har farce da fatar kai, ta ce soriyasis ne: garkuwar jiki ce ke sa fata sabuntawa cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda, shi ya sa ɓawon ke taruwa. Na ce, "Likita, yarana fa, za su ɗauka?" Ta ce ko kusa, ba a ɗaukarsa. Wallahi wannan amsar ta fi min maganin daɗi. Ba ta kuma yi min daɗin baki ba, ta ce lallaɓa shi ake yi, yana kwanciya yana tashi.

Ta ɗora ni a kan wani magani mai suna methotrexate, sau ɗaya a sati, ta maimaita min sau uku cewa ba kullum ba, da folic acid (wani nau'in bitamin) da gwajin jini don duba hanta. Bayan wanka, basilin ko man kaɗanya. Cikin wata uku ɓawon ya ragu sosai, baƙin tabon dai yana nan.

Inda asibitin ya gaza: ka kama layi tun bayan asuba, ka ga likita minti biyar, kuma kusan kowane zuwa sabuwar fuska ce, sai ka ɗauko labari daga tushe. Man shafawa mai suna calcipotriol da aka rubuta min babu a kantin maganinsu, a waje kuma kuɗinsa sai ka zauna. Kuma ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake fama da idon mutane. Har yanzu a gida nake alwala kafin in fita masallaci, don kada in naɗe hannun riga a gaban jama'a.

Zan koma ranar da suka ba ni. Yatsana biyu sun fara sanƙarewa da safe, kuma likitar farko ta ce in hakan ta faru kada in yi shiru, domin cutar tana taɓa gaɓoɓi.