Sharhi: littafin rubuta dahuwar giya a gida, bayan na ci rabin shafukansa

Bari in fara da faɗin wanda wannan sharhi ya shafa. Na san akasarin masu karanta Hausa ba sa shan giya, addini ya hana su, a jihohin da ke bin shari'ar Musulunci kuma doka ma ta hana. Ba da su nake ba, ba kuma kiran kowa nake yi ba. Ni ɗan Kudancin Kaduna ne, Kirista, mazaunin arewacin Ingila, inda tun 1963 aka cire sharaɗin lasisi ga wanda zai dafa giyar da zai sha a gidansa, muddin ba sayarwa zai yi ba. A nan dafa giya a gida sha'awa ce kamar noman lambu ko kamun kifi, har da shagunanta da ƙungiyoyinta.

Kayan da na fara da su ba su da wani abin faɗa: bokitin roba mai cin lita 23, murfi mai ƙofar fitar iska, tiyo, ma'aunin zafi, da ma'aunin kaurin ruwa da ake kira haidiromita. Abin da nake so in yi magana a kai shi ne littafin da na saya daga baya a intanet, wanda aka buga musamman don rubuta kowace dahuwa. Bangonsa mai kauri ne, an ɗaure shi da zoben waya, kowace dahuwa tana da shafi biyu masu kallon juna. A hagu akwai gurabe na kwanan wata, irin tsiron sha'ir da nauyinsa, irin furen hops (wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi) da mintin da aka zuba shi, irin yis, da zafin ruwan jiƙo, wato ruwan zafin da ake jiƙa tsiro a ciki don ya saki sukari. A dama kuma awon kauri na farko da na ƙarshe, kwanakin tashi, ranar ɗurawa a kwalba, sai ɗan wuri a ƙasa na ɗanɗano.

Amfaninsa na farko shi ne ya san tambayoyin da sabon hannu bai san ya kamata ya yi ba. Da farin littafin makaranta aka ba ni, da abin da zan rubuta bai wuce "na dafa ranar Asabar, ta yi daɗi" ba. Amma gurbi idan yana kallonka babu komai a ciki, sai ka tashi ka auna. Ta haka haidiromita ya shiga hannuna sosai. Tsurar ruwa yana nuna 1.000. Ruwan tsiro da aka dafa, kafin a zuba yis, yana iya nuna 1.050 saboda sukarin da ke ciki. Yis yana cin sukarin lambar tana sauka, ta tsaya a kamar 1.010. Ka ɗebe ta ƙarshe daga ta farko, ka ninka da 131.25, ka sami ƙarfin giyar, a wannan misali kashi 5.25 cikin ɗari. An buga lissafin a bayan bango, amma ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne layukan da aka ware don awon kwanakin ƙarshe. Sai lambar ta tsaya cak kwana biyu ko uku a jere ake ɗurawa. Wanda ya ɗura tun yis bai gama aikinsa ba, ya kuma ƙara sukarin kumfa, kamar gram 6 a kowace lita, to kwalabe na iya fashewa a cikin kabad, kuma gilashi ba ya tambayar wanda ke kusa. Wannan layin kaɗai ya biya kuɗin littafin.

Awon nan ma ba sabon abu ba ne. Tun 1784 John Richardson, wani mai dafa giya a birnin Hull na Ingila, ya yaɗa amfani da ma'aunin sukari a wannan sana'a. Gurbin pH (awon tsami) da ke shafin hagu, inda ake son jiƙo ya tsaya tsakanin 5.2 da 5.6, shi ma daga gidan giya ya fito: a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kwapanhagan masanin sinadarai Sørensen ya ƙirƙiro wannan awo a 1909. Manyan kamfanonin Landan na da, irin su Whitbread, sun bar kundayen dahuwarsu a ma'ajiyar tarihi ta birnin, har yau masu sha'awa suna buɗe su suna sake dafa giyar da aka sha shekara ɗari da wani abu da suka wuce.

Inda na ga ranar littafin da idona shi ne lokacin zafin Yulin 2022, da ma'auni ya wuce digiri 40 a Ingila karon farko. Akwai wata giya mai haske da nake maimaitawa, tsiron Maris Otter da hops na East Kent Goldings, ban sauya komai a cikinta ba. Ta wannan watan sai ta fito da ƙamshin ayaba da wani zafi mai yaƙushin maƙogwaro. Na jera shafinta da na wadda ta gabace ta. Tsiro ɗaya, hops ɗaya, yis ɗaya, jiƙo a digiri 66 na awa guda, tafasa awa guda. Bambancin yana layin zafin bokiti. Irin wannan yis ya fi son digiri 18 zuwa 22, ga shi aikin tashin da kansa yana ƙara wa bokiti ɗumi sama da na ɗaki, ni kuwa abin da na rubuta a kwanakin farko ya haura haka nesa. Da babu rubutun, da shagon da ya sayar mini da yis zan zarga. Tun daga nan idan bazara ta yi zafi nake komawa yis ɗin kveik na manoman Nowe, wanda ke aiki lafiya a digiri 30 zuwa 40 ya kuma gama da wuri. Haka ma wani ɗanɗano mai kama da maganin asibiti da ya riƙa zuwa yana tafiya: shafukan ne suka nuna cewa yana fitowa ne a dahuwar da ban sa ƙwayar Campden a ruwan famfo ba, wadda ke kashe sinadarin kulorin.

To, yanzu ga inda littafin ya ba ni haushi.

An buga shi don kasuwar Amurka, mai sayarwa kuma bai faɗa ba. Gurabensa galan ne, da oza, da awon zafi na Faranhait. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5, don haka "galan biyar" a can lita 19 ne, a nan lita 23. Wanda ya kwafi tsarin dahuwa bai lura da wannan ba zai sami giya salam, ba ɗaci ba jiki. Launi ma da awon SRM aka rubuta, alhali buhunan tsiro a Turai EBC suke ɗauke da shi, wanda ya kusan ninka wancan sau biyu. Na gane dalili, can ne babbar kasuwar wannan sha'awa tun da shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta ta a 1978, duk da jihohin Alabama da Misisipi sai 2013 suka bi sahu. Amma gane dalili bai hana ni soke kalmomi a kowane shafi ina rubuta lita da gram a samansu ba.

Takardar kuma ba ta ɗakin girki ba ce. Ranar dahuwa hannu a jiƙe yake, tururi ko'ina, ruwan tsiro yana da danƙo. Tawadar biro tana malala, shafuka suna mannewa. Fensir ne kawai ke tsira. Zoben wayar dai ya yi, don littafin yana kwanciya a buɗe ba sai an danne shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin ɗanɗano. Layi huɗu kacal, da wasu taurari biyar da za ka cika. Giya ba ɗanɗano ɗaya gare ta ba. Wadda ka buɗe bayan mako biyu a kwalba daban take da wadda ta yi wata biyu, ƙamshin hops yana ja baya, kaifin yis yana kwanciya. Ya kamata a ce akwai wurin rubuta ɗanɗano sau uku ko huɗu, kowanne da kwanan watansa. Wanda ya tsara shafin ya ba lambobi fili mai faɗi, ya matse baki da hanci a lungu, alhali don su ake dahuwar. Taurarin kuwa ban ga amfaninsu ba. Idan ka dawo bayan shekara ka ga taurari uku, me suka gaya maka?

Sai maganar dawa. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san burukutu, kuma 'yan'uwanta suna nan ko'ina: pito a Gana, dolo a Burkina Faso, bilibili a arewacin Kamaru da Cadi. Manyan kamfanonin giya na Najeriya ma sun koma ga dawa bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Na sayi jar dawa a shagon 'yan Afirka na ce bari in gwada, nan na gane littafin bai san da zaman wata giya ba sai ta sha'ir da hops. Shi yana ɗauka cewa tsiro a buhu ake sayo shi. Babu gurbin awannin jiƙa hatsi, babu na kwanakin tsirowa, babu na shanya, babu na murje saiwa da tohon, waɗanda dole a cire don a dawa suna ɗauke da sinadari mai guba. Babu gurbin kwanan tsami, wanda shi ne ran burukutu. Kuma dawa tana da wata matsala da sha'ir ba shi da ita: gasararta ba ta narkewa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, a nan kuwa sinadaran tsiro masu mayar da gasara sukari sun fara mutuwa. Mafitar ita ce a bar jiƙon ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa kaurin ƙasa, sannan a mayar da ruwan. Matan da ke dafa ta a manyan tukwane haka suke yi tun kaka da kakanni, ba ma'auni ba takarda.

Na kira goggona a waya, wadda ta yi wannan sana'a shekaru. Na ce, "Goggo, awa nawa ake barin ta ta yi tsami?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, wa ya ƙirga? Ka sa a baki, ita za ta gaya maka." Gaskiyarta, amma ita kowane mako take dafawa, a tukunya ɗaya, da ruwan rijiya ɗaya, harshenta bai taɓa samun hutun da zai manta ba. Ni da nake dafawa jefi-jefi, a ƙasar da yau sanyi gobe rana, ba ni da wannan gatan. Duk abin da ta faɗa mini a gefen shafi na cusa shi da ƙananan haruffa, har ya zagaye guraben hops da ba su da aikin yi.

Wasu za su ce me ya sa ba manhajar waya ba. Ina amfani da Brewfather wajen tsara dahuwa kafin ranar, don tana lissafa ɗaci da launi da ƙarfi nan take, tana kuma juya galan zuwa lita. Amma ranar aiki ba na son taɓa waya da hannu mai danƙo, kuma jera shafi biyu a kan tebur ka bi su da yatsa ya fi mini sauƙin gano bambanci.

Ga sabon hannu mai dafa giyar sha'ir, littafin ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ya duba hoton shafin ciki kafin ya biya, ya tabbata lita da gram da Salshiyas ne a ciki. Ga mai son dawa ko gero, ba nasa ba ne. Ni idan na cike wannan ba zan sayi na biyu ba. Babban littafin rajista mai tauri zan nema, in ja layukana da kaina: shafi guda na lambobi, shafi guda cur na ɗanɗano, da gurabe na jiƙa, tsirowa da tsami a sama. Wanda kuma kuɗinsa ba zai kai littafi da haidiromita a lokaci ɗaya ba, ya fara sayen haidiromitan, ya haɗa da na ajiya, don gilashi ne siriri kuma yana son gangarowa daga kan tebur.