Lambun ya yi kyau, yashinsa ne bai kwanta min ba

Wata uku ke nan ina kai 'yata wannan lambun shaƙatawa. Ga inuwa, ga lilo sabo fil, ma'aikata kuma akwai fara'a.

Filin yashin ne ya ɓata min rai: ba shinge, ba a rufe shi da dare. Da idona na ga kashin kyanwa binne daf da inda yara ke tono, wani yaro har da yatsa a baki. Ƙwan tsutsar Toxocara daga kashin kare da kyanwa yake fitowa. Bayan mako 2 zuwa 4 a ƙasa zai iya kama mutum, kuma yakan yi watanni bai mutu ba. Sharar sama-sama ba ta kawar da shi.

Wurin wanke hannu ma ba sabulu. Sai an killace yashin nan 'yata za ta sake taka shi.