Na sa wa mai ƙafa uku turbo, tiyo ɗaya ya kunyata ni

Ranar da na tura wa Hajiyarmu hoton motar nan, cewa ta yi: "Yanzu kai har Amurka ka je ka sayo a-daidaita-sahu?" Polaris Slingshot ce ta 2017, tayu biyu a gaba, ɗaya a baya, ba rufi ba ƙofa. Injin Ecotec na kamfanin General Motors mai lita 2.4 ne a cikinta, ƙarfin doki 173, giya biyar. Ga mota marar nauyi irinta wannan ya isa, ni ne dai ban ƙoshi ba.

Wani gareji a nan Houston na kai ta aka ɗaura mata turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi, aka canja kuloci, aka sake saita kwamfutar injin. Gaskiya ranar da na karɓo ta har dariya nake yi ni kaɗai cikin hular kwano. Kana taɓa totur sai ka ji wani fito a gabanka, kujera ta manne maka a baya. A raina na ce bakaniken nan ya ci kuɗinsa halal.

Sai ranar gwaji. Mun haɗa kuɗi da abokai muka je wani tsohon filin jirgi, mutum ya taka son ransa ba ɗan sanda. A giya ta biyu tayar baya ta riƙa murzawa a banza tana hayaƙi, bayan motar na rawa kamar wutsiyar kifi, don duk ƙarfin nan ta bel ɗaya yake sauka kan taya ɗaya tal. Na daure na sa ta uku, ta kama kwalta, na sa ta huɗu, allura na hawa, iska na neman fizge min kai. Kawai sai na ji fam! Totur ya mutu a ƙafata, fitilar inji ta kama. Na gangara gefe gabana na dukan uku-uku, a zatona inji ya tashi aiki.

Da muka buɗe, ashe tiyon da ke kai iska cikin inji ne ya fita. Maɗaurin da aka sa masa irin na tiyon ban ruwan fulawa ne, wallahi da sukuddireba na mayar da shi, abokai na ɗaukata bidiyo. Duk dalolin da na zube, a nan aka yi min ƙwauro?

A hanyar gida sauran abubuwan suka riƙa dawo min. Mako uku bakaniken ya ce, sai da motar ta yi wata biyu. Na tambaye shi maganar faɗin tayar baya da birki, ya ce ba sai an taɓa ba. Ga zafin da ke gasa min ƙafa a cunkoso tun da aka sa turbon. Gudu kam tana gudu, ban isa in musa ba. Amma sau huɗu ina kiransa, har yau yaronsa ne ke ɗauka, wai oga ya fita.