Ƙafar teburin falo: a huda a zura harshe, ko a ɗaura da farantin ƙarfe?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Cikin biyun nan da ka ambata, ka sa kafinta ya yi maka huda da harshe, kada ka tsaya wasiwasi.

Teburin da ke tsakiyar falona a unguwar Tumfure, Gombe, na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Da maɗaci aka yi shi. Kowace ƙafa an huda ta ta gefe biyu, aka fiƙe bakin katakan nan huɗu da ke zagaye ƙarƙashin tebur kamar ɗamara, aka zura bakin da aka fiƙe, wato harshen, cikin ramin da gam. Ko ƙusa ɗaya babu a wurin. A kansa muka ci tuwo muna yara, yau 'ya'yana ke hawa suna tsalle, mun yi ƙaura da shi sau uku, bai taɓa girgiɗi ba. Idan aka ja tebur a kan tayil, mahaɗar ƙafa ce ke shan wahalar, harshen nan kuwa ya shige cikin ƙafar, ba inda za ta karkata. Ka dai faɗa wa kafintan kaurin harshen ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon ɗamarar, ya kuma shiga da ɗan matsi, ba a cika gibi da gam ba.

Farantin ƙarfe kuwa, eh, ya fi arha, kuma kana kwance ƙafafun ka sa a Keke Napep. Na taɓa sayen irinsa, hunturu ɗaya ya yi. Katakon ya bushe ya tsuke, nocin ya saki, sai da na koma cusa kwali ƙarƙashin ƙafa ɗaya.

Iskar Gombe ita ce abin kiyayewa. Katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, kuma ta faɗi yake motsin, ba ta tsawo ba. Don haka kada a shafe saman teburin da gam a manne shi da ɗamarar. A ɗaura shi da sukuru, a ɗan faɗaɗa ramukan, in ba haka ba zai tsage. Tsayi kuma inci 16 zuwa 18 ya isa, daidai da mazaunin kujera.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara wurin saye. Akwai masu shafa wa farin katako jan launi su ce maka maɗaci ne. Ka ce a goge maka gefe ka ga cikinsa, ka kuma ɗaga ka ji ko ya bushe, ɗanye yana da nauyi da sanyi a hannu. Wasu kafintocin ma ƙusa suke dankarawa, su toshe kanta da garin katako da gam, su bi da fenti, su karɓi kuɗin huda. Ka je shagon kafin a haɗa, ka ga ramukan da idonka, sannan ka cika kuɗi.