Gargaɗi ga masu sayen mota a Sakkwato: injin da aka wanke fes, aka kawo shi da zafinsa

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne saboda abin da ya sami ƙanena a bazarar da ta wuce, da kuma abin da bakanikenmu ya shaida mini cewa ba shi ne na farko da aka kawo masa da irin wannan matsala ba. Akwai wasu dillalai da ke tallata motoci a Facebook da WhatsApp da sunan 'yan Kwatano ne sabbin shigowa, alhali kuwa motoci ne da gasket ɗin kan injinsu ya riga ya ƙone, an yi musu kwaskwarimar da za ta riƙe su na 'yan kwanaki kawai.

Ga yadda suka yi da ƙanena. Farashin ya yi ƙasa da na kasuwa, kuma dillalin ya ce mai motar yana da buƙatar gaggawa, akwai wani mai saye da zai taso daga Illela da safe. Ya sa lokacin haɗuwa bayan Magariba, ya iso da motar injinta da zafi, an wanke shi har yana ƙyalli. Sun zagaya cikin gari na kamar minti 10, sannan wani bakanike da dillalin ya zo da shi ya buɗe bonet, ya saurari ƙarar inji, ya ce lafiya lau. Aka biya kuɗi, aka ba da la'ada, aka sa hannu a wata takarda mai cewa mai saye ya karɓi mota yadda ya gan ta. Kwana 9 bayan haka, a hanyar Birnin Kebbi da tsakar rana, allurar zafi ta haura, farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, motar ta tsaya.

Gasket ɗin nan wani siririn faifai ne da ke tsakanin gangar inji da kansa, aikinsa shi ne ya raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba: wutar da ke ci a cikin silinda, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai. Idan ya ƙone, ruwa yakan shiga mai, ko ya shiga silinda ya fita a matsayin tururi, ko kuma iskar ƙonewa ta kutsa cikin lagireto ta kori ruwa. A garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, irin wannan inji ba ya daɗewa, kuma idan kan injin na alminiyom ne, zafin yakan lanƙwasa shi, sai an kai an daidaita shi ko a sayi wani.

Dabarar da suke yi ba ta da tsada, shi ya sa ta yaɗu. Akwai wani ruwan liƙi da ake sayarwa a kwalba, ana zuba shi a lagireto, idan ya ji zafi sai ya daskare a wurin da ya tsage ya toshe shi na ɗan lokaci. Illarsa kuwa yakan toshe ƙananan hanyoyin lagireton ma, zafi ya ƙaru. Sai su juye tsohon man da ya gauraya da ruwa, su zuba sabo mai kauri, domin mai kauri yana rage hayaƙi kuma ba ya saurin tsiyaya. Wankin inji kuma yana share sawun duk inda mai ke yoyo. Kawo motar da zafinta shi ne babban makircin, saboda yawancin alamomin nan da sanyin safiya suke fitowa.

Ba kowane yoyon mai ne abin tsoro ba, kuma ba na son a zargi duk mai sayar da tsohuwar mota. Yoyon murfin saman inji ƙaramin gyara ne, amma wanda ke fitowa tsakanin inji da akwatin giya sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Haka kuma akwai injunan da masu su suka daɗe suna kuka da su tun a Amurka: injin Subaru mai lita 2.5 ya yi suna wajen lalacewar gasket, injin Toyota mai lita 2.4 da ke cikin Camry na 2002 zuwa 2006 kuma an san shi da sakin zaren kusoshin da ke ɗaure kan inji. Mai gaskiya zai faɗa maka aibin ya rage maka kuɗi. Wanda nake gargaɗi a kansa shi ne wanda ya sani ya rufe.

Saboda haka, duk wanda zai sayi mota ya dage cewa sai ta kwana a wuri ɗaya, ya zo da sassafe da bakanikensa na kansa, ya taɓa injin ya tabbatar da sanyi yake. A buɗe murfin mai a duba ƙarƙashinsa, a zaro geji. Idan an ga wani abu mai kama da shayi da madara, ruwa ya shiga. A buɗe murfin lagireto tun injin yana sanyi, kada a kuskura a buɗe shi da zafi domin yana ƙona fuska, sannan a tayar da mota a lura ko kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. Ɗan tururi da safiyar hunturu ba komai ba ne, amma farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama abin tuhuma ne. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, a tuƙa ta aƙalla rabin awa da rana da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, a dawo a sake dubawa. Idan dillali ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya fara maganar wani mai saye da ke hanya, a bar masa motarsa.

Game da takarda, kada a yarda da wadda ba ta ɗauke da cikakken sunan mai motar, da shaidu biyu, da sharaɗin mayarwa idan aibin da aka ɓoye ya bayyana cikin kwanakin da aka yanka. Malamanmu sun bayyana cewa a shari'ar Musulunci mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, amma wannan haƙƙi sai an san wanda za a kai gaban alƙali yake amfani. Ƙanena sunan laƙabi kawai ya sani da lambar waya, kuɗin kuma asusun wani mutum dabam aka tura.

Mun kai rahoto ga 'yan sanda tare da shaidar tura kuɗin da hotunan tallar. Lambar dillalin a kashe take tun ranar, an goge shafin, motar kuma tana gareji an sauke kan injinta ana jiran kuɗin gyara.